Daga Wankan Jego Zuwa Hutun Haihuwa

Jama'a, a da mace in ta haihu, gidansu take tafiya wankan jego, kwana arba'in dangi na ɗauke da ita. Da aikin albashi ya shigo, Dokar Ƙwadago ta shekarun 1970 ta ba ta mako 12 da aƙalla rabin albashi. Legas ta mayar da hutun ma'aikatanta wata shida a 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019. A 2021 gwamnatin tarayya ta ba mu maza kwana 14.

Amma fa ƙarin nan namu ne, 'yan gwamnati. Ƙanwata malama ce a makarantar kuɗi. Tiyata aka yi mata, amma ko arba'in ba ta yi ba ta koma aji, saboda bashin asibiti da na ragon suna. To ita wa zai tsaya mata?