Tarihin Shirun Wanda Ake Tuhuma a Shari'ar Kisan Kai

A kotunan Ingila da Amurka, da ƙasashen da suka gaji tsarinsu, wanda ake tuhuma da kisan kai yana da damar ya zauna shiru daga farkon shari'a har ƙarshenta ba tare da ya ba da shaida ba. Wannan dama ba tsohuwa ba ce, domin ba ta zama zaɓi na haƙiƙa ba sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 19.

A ƙarni na 16 da na 17, wanda aka gurfanar kan babban laifi a Ingila ba a yarda ya ɗauki lauya ya kare shi ba, saboda haka shi da kansa yake mayar da martani ga shaidu, kuma yin shiru a wannan hali tamkar miƙa wuya ga igiyar rataya ne. Duk da haka ba a ba shi rantsuwa, domin malaman shari'a na ganin cewa mai neman kuɓutar da ransa ba zai rasa yin ƙarya ba, kuma rantsar da shi jefa shi cikin zunubi ne. Inda aka tilasta rantsuwa shi ne kotunan coci da Kotun Zauren Taurari, wata kotun sarki da ke sa mutum ya rantse zai amsa kowace tambaya tun kafin ya san abin da ake zarginsa da shi. John Lilburne ya ƙi wannan rantsuwa, aka yi masa bulala a titunan Landan a 1638, kuma a 1641 majalisa ta rushe kotun. Daga wannan tushe Amurkawa suka ɗauko ƙa'idar da suka sa a gyara na biyar na kundin tsarin mulkinsu a 1791, cewa ba za a tilasta wa kowa ya zama shaida a kan kansa ba.

Da lauyoyin kariya suka fara shiga kotunan Ingila wajen shekarun 1730, suka kuma sami cikakken ikon yin jawabi a 1836, sai bakin wanda ake tuhuma ya mutu, ko da yana son magana. Abin da ya faru da Florence Maybrick a Libaful a 1889 ya nuna illar haka: an zarge ta da kashe mijinta da gubar asanik, doka ta hana ta ba da shaida bisa rantsuwa, sai aka bar ta ta yi ɗan jawabi daga inda take tsaye, ta ambaci wani gari da ta ce mijin ne ya roƙe ta ta zuba masa a romon nama, ba tare da wani ya yi mata tambayar da za ta fayyace batun ba. Aka yanke mata hukuncin kisa, daga baya aka mayar da shi ɗauri, ba ta fito ba sai 1904. Jihar Maine ta Amurka ta riga ta ɗage irin wannan hani tun 1864, Ingila kuwa sai 1898.

Sai dai ƙofar da aka buɗe ta zo da haɗarinta, domin wanda ya rantse ya ba mai gabatar da ƙara damar titsiye shi da tambayoyi. Frederick Seddon, wanda aka zarga da sa wa 'yar hayarsa Eliza Barrow guba, ya ƙi jin shawarar lauyansa Marshall Hall a 1912, ya shiga ba da shaida, kuma yadda yake lissafin dukiyar marigayiyar dalla-dalla, ba tare da alamar tausayi ba, ya cutar da shi fiye da shaidun gwamnati. An rataye shi a wannan shekarar.

Wanda ya yi shiru shi ma bai tsira ba, tunda mutane, kamar yadda Hausawa ke cewa, suna ɗaukar shiru ma amsa ce. A shari'ar Eddie Griffin a Kalifoniya, wanda aka zarga da kashe wata mata, mai gabatar da ƙara ya gaya wa 'yan juri, wato mutanen gari da ake zaɓa su yanke ko akwai laifi, cewa matar da aka kashe ba ta iya magana, shi kuwa ya ƙi yi. A 1965 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin, ta hana alƙali ko lauyan gwamnati su mai da shiru hujjar laifi, kuma wannan daidai ne, domin in'ina, tsoro, ko tsohon laifin da za a tono duk suna iya rufe bakin marar laifi. Ingila ta bi wata hanya a 1994, inda ta ba juri damar su yi la'akari da shirun. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, a sashe na 36, ya hana tilasta wa wanda ake tuhuma ba da shaida.

Kariyar yin shiru kuma tana da iyaka. O. J. Simpson bai ba da shaida ba a shari'ar kisan tsohuwar matarsa Nicole Brown da Ronald Goldman, aka kuma wanke shi ranar 3 ga Oktoba, 1995. Da iyalan mamatan suka kai ƙarar neman diyya, wannan kariya ta riga ta faɗi, tunda ba a sake gurfanar da mutum kan laifin da aka wanke shi. Dole ya rantse ya amsa tambayoyi, kuma a Fabrairun 1997 aka ɗora masa alhakin mutuwarsu da diyyar dala miliyan 33.5.