Yadda aka yi mutum goma ke rubutu a takarda ɗaya lokaci guda (zare)

1/ Duk wanda ya taɓa aikin rukuni a makaranta ya san wannan fitinar: fayil ɗaya sai ya haifi 'ya'ya biyar. Ga "na ƙarshe", ga "na ƙarshe gyararre", ga "wannan ne na gaske". Yau kuwa mutum goma na rubutu a Google Docs lokaci guda. Ku gyara zama in ba ku tarihin, don sai da aka kwashe shekara arba'in da ɗoriya kafin a zo nan.

2/ Mu fara daga ranar 9 ga Disamba, 1968, a birnin San Francisco na Amurka. Wani injiniya, Douglas Engelbart, ya hau dandamali gaban mutum kusan 1,000. Cikin minti 90 ya nuna musu linzamin kwamfuta, sannan ya nuna shi da abokin aikinsa da ke can Menlo Park suna aiki a allo ɗaya, suna ganin juna ta bidiyo.

3/ A 1968 fa! Lokacin babu intanet, kwamfuta kuma sai manyan hukumomi da jami'o'i. Mutane suka tashi tsaye suna tafi, amma abin bai bar ɗakin bincike ba. Banda tsadar na'ura, akwai wata matsala da ba a warware ba tukuna.

4/ Ga matsalar. A ce an rubuta "mun sayi buhu goma". Hadiza ta ƙara "jiya" a farko. A daidai lokacin Musa ya ba da umarnin goge kalma ta huɗu, wato "goma", zai sa "biyar". In gyaran Hadiza ya riga isa, kalma ta huɗu ta koma "buhu". Kwamfuta ba ta da wayo, "buhu" za ta goge. Lissafin shago ya rikice ke nan.

5/ A 1989 masu bincike biyu a Austin ta jihar Texas, Clarence Ellis da Simon Gibbs, suka fito da dabara: kafin a aiwatar da umarnin Musa, a duba abin da ya canja tun da ya bayar, a daidaita shi. An ƙara kalma ɗaya a gaba? To "ta huɗu" ta zama "ta biyar". Da haruffa ake wannan ƙirgen, amma hikimar ke nan.

6/ A 1995 wasu a cibiyar Xerox PARC suka sauƙaƙa abin da tsarinsu mai suna Jupiter: kowa ya aika gyaransa ga uwar kwamfuta guda, ita ke jera na wa ya riga na wa. Kamar dillali a kasuwa, kowa da shi yake magana. Kan wannan tubalin Google ya ɗora nasa daga baya.

7/ Duk da haka, mu talakawa da filash da imel muka ci gaba da fama. Sai a 2005 wani ƙaramin kamfani, Upstartle, ya fito da Writely, inda kake rubutu a shafin intanet ba tare da ka girka komai ba. Google ya saye shi a Maris 2006, a Oktoba ya haɗa shi da manhajar jadawalin lissafi. Asalin Google Docs ke nan.

8/ Ganin harafin abokinka na fitowa yana bugawa kuwa, EtherPad ta 2008 ta yi fice da shi. Google ya saye ta a Disamba 2009, a 2010 ya sake gina Docs da irin wannan saurin. Microsoft ya kawo nasa a Office na intanet a 2013. Zuwan korona a 2020 ya tura makarantu da ofisoshi ciki, ko ana so ko ba a so.

9/ Wani abu da nake so ku riƙe: Google Wave. An tallata ta a 2009 kamar ita ce za ta binne imel. A Agusta 2010 Google ya ce ya daina gina ta, a Afrilu 2012 ya rufe ta. Wanda bai kwashe rubutunsa ba, ya tafi. Abin da ake kira "gajimare" ɗin nan kwamfutar wani ce a wata ƙasa, aron ɗaki ya ba ka.

10/ Ni dai a ganina babban abin da tarihin nan ya canja shi ne amana. Da, a aikin rukuni mutum biyu ke wahala, takwas su sa suna. Yanzu takardar na ajiye tarihin gyara: wa ya rubuta me, ƙarfe nawa, muddin kowa da asusunsa ya shiga. Haka a jadawalin cinikin shago, in an taɓa adadi za a ga hannun wanda ya taɓa, a kuma maido da na baya.

11/ Saboda haka kafin ku fara aiki tare, ku tsayar da magana: asusun wa ke da takardar? In na makaranta ne, ana iya rufe shi bayan kun gama. Wa zai gyara, wa zai yi sharhi, wa zai karanta kawai? Kada ku jefa mahaɗin da ke ba kowa ikon gyara a guruf ɗin WhatsApp mai mutum ɗari biyu.

12/ Sannan duk aikin da kuka damu da shi, furojet ne ko lissafin jari, ku riƙa sauke kwafi a waya ko kwamfuta lokaci-lokaci. Ku kunna damar aiki ba intanet ma, saboda ranar da data ta ƙare ana gobe miƙa aiki.

Ku tura wa shugaban rukuninku. Wanda kuma bai taɓa leƙa tarihin gyara ba, ya leƙa yau, sai dai ban da faɗa.