Shibata Zeshin da Sana'ar Urushi a Japan Bayan 1868

Abin da muke nufi da urushi shi ne ƙaron wata bishiya da Japanawa ke shafa wa akushi da akwati da kuben takobi, shafi bisa shafi. Wani abin mamaki, ba ya ƙamewa sai cikin danshi. Tun yana ɗanye ake barbaɗa masa garin zinariya, adon da ake kira maki-e.

A zamanin Edo, sarakuna da mayaƙan samurai da attajirai ke riƙe da masu wannan sana'a. Da mulkin shogun ya faɗi a 1868, aka kuma hana rataya takobi a 1876, sai kasuwa ta durƙushe. Hatta inro, 'yar battar magani da ake ratayawa a ɗamara, ta rasa masu saye, domin tufafin Turawa na da aljihu.

A ganinmu, nan ne hikimar Shibata Zeshin (1807-1891) ta bayyana. Ya yi allon maki-e mai siffar Dutsen Fuji, irin na ratayawa a bango kamar hotunan Turawa, aka nuna shi a baje-kolin birnin Vienna a 1873. Ya kuma gwanance wajen zane da urushi a kan takarda. A 1890 fadar Sarkin Japan ta naɗa shi cikin masu fasaharta, shekara guda kafin rasuwarsa.