Badujalar Kirsimeti a Gombe: ta bariki ta biyo

Ƴan uwana ɗalibai, musamman ƴan GSU da FCE da ba sa saurin tafiya hutu: da Disamba ta kama, hazo ya sauko, za ku fara jin ganga da ƙaho da yamma daga wajen majami'u, ana ta nanata waƙa ɗaya har ta zauna muku a ka. Shirin Kirsimeti ne. Yawancinmu, Musulmi da Kirista, mun ɗauka kiɗan coci ne kawai. Amma sunan da Bahaushe ya ba shi, badujala, a wajen soja da ɗan sanda aka san shi, kuma ta can ya shigo.

A 1863 wani Baturen Ingila, John Glover, ya tara Hausawa a Legas ya yi ƴar runduna da su, wadda ake ɗauka ita ce tushen sojan Najeriya. A bariki bigila ita ce agogo: da ita ake tashi, da ita ake fita fareti, da ita ake kwanciya. Ba wai busa baƙuwa ce a Arewa ba, muna da kakaki da algaita tun tuni. Sai dai kakaki na sarki ne, ba a busa wa kowa. Bigila kuwa ko kurtu yana iya ɗauka.

Ƴan mishan na SIM da suka sauka Kaltungo a 1917 da waƙar baki suka fi damuwa. Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, ga Littafin Waƙoƙi, sannan ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954. Wadda ta haɗa bariki da majami'a ita ce Boys' Brigade. William Smith ya kafa ta a Glasgow a 1883. Malamin makarantar Lahadi ne da yara suka gagara, kuma hafsa ne a sojan sa-kai, sai ya ce bari ya gwada musu maci. Ta iso Legas a 1908, daga baya ta hauro Arewa da kakinta da gangunanta.

To, a nan ne tarihin yake shiga maganar zaɓen waƙa. Bigila ba ta da maɓalli, murya kamar biyar kawai take fitarwa. Ita kuwa Joy to the World da muryoyi takwas a jere take farawa, daga sama zuwa ƙasa, kamar mai sauka daga bene. Ko ka busa har kumatunka su fashe, bigila ba za ta ba ka ita ba. Sai ƙaho mai maɓallai, dabarar da aka yi wa rajista a Jamus a 1818. Kuma irin wannan ƙahon kuɗi ne, ba kowace majami'a ke da shi ba. Shi ya sa wasu ƙungiyoyin sukan bar ganga ta riƙe tafiya, jama'a su rera da baki.

Tambaya ta biyu: a tsaye za a yi ko a tafe? Silent Night, wadda ita ma a 1818 aka fara rera ta a Ostiriya da jita, lilo take yi kamar ana rarrashin jariri. Ka sa yara maci da ita, ƙafafu su sarƙe. O Come All Ye Faithful kuwa bugu huɗu ce cif, hagu-dama, kamar don fareti aka tsara ta. A ganina shugaban ƴan badujala mai wayo shi ne wanda ya bar masu sanyin a cikin majami'a, ya fito titi da waɗanda ƴan Zumuntar Mata za su iya karɓa ba littafi a hannu, har da na Hausa da Tangale da aka tsara a nan gida. Af, waɗannan ma sun fi zama a baki, don fassararrun sau da yawa karinsu ba ya bin hawa da saukar muryar Hausa.

Na ce titi don a Gombe titi ne zauren wasan. Al'ada ce a yi jerin gwano ran Kirsimeti a kai gaisuwa fadar Sarki da gidan gwamnati. Kuma titin ya ci rayuka. A daren Ista na Afrilun 2019 mota ta kutsa cikin ayarin Boys' Brigade a cikin gari, yara suka mutu. Ran Kirsimetin 2024 wata bas ta afka wa masu jerin gwano a Tumfure, sama da mutum 20 suka jikkata. Yaron da ke tsakiyar ganguna ba ya jin ham ɗin mota. Don haka mai tsara waƙoƙin bana, a takardar da ya jera su, yana bukatar ya rubuta hanyar da za a bi, da lokacin da za a gama kafin duhu, da waɗanda za su tsaya gaba da baya suna tsai da motoci.