Ƙaton Burito na Unguwar Mission

Malamai da iyaye, a ganina har cikin abinci akwai tarihi. Ga misalin ƙaton burito na unguwar Mission, a birnin San Faransisko na Amurka. Baƙi ƴan Meksiko suka fara yin sa: a turara faffaɗar gurasar alkama, a cika ta da shinkafa, wake, nama da yaji, a naɗe da takardar alminiyam. Shaguna biyu ke jayayya kan asalinsa: El Faro na cewa 1961, La Cumbre na cewa 1969. A 1993 Chipotle ya ɗauki salon, ya yaɗa shi cikin Amurka. Yau kowa ya san kamfanin, kaɗan suka san baƙin. Mu koya wa yaranmu tambayar wanda ya fara.