Daga Ƙahon Wanzami Zuwa Kantin Magani: Tarihin Jinyar Amosanin Gaɓɓai a Ƙasar Bodinga da Shagari

Bahaushe yakan tattara ciwuttukan gaɓɓai iri-iri a ƙarƙashin kalmar sanyi. To amma a cikinsu akwai wanda ba sanyi ne sanadinsa ba, watau amosanin da garkuwar jiki kan juya ta auka wa gaɓɓan mai ita, su kumbura, su sandare, daga bisani su karkace. Wannan maƙala za ta dubi yadda jinyarsa ta sauya a yankin Bodinga da Shagari.

Yankin ba baƙo ba ne ga ilmin magani. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna a Bodinga sa'ad da Shehu yake Sifawa, kafin Shehu ya koma Sakkwato a 1815, kuma littafinsa Masalihul Insan ya taɓo lafiyar jiki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello shi ma ya yi risala kan basir, wata kan filasko. A wancan zamani ƙahon wanzami da saiwoyi da rubutun sha su ne madogara. Kuɗinsu kaɗan ne, sai dai ba sa hana gaɓa lalacewa.

Sauyi ya taso ne daga Amurka. A 1948 Philip Hench ya gwada kotizon ga mai wannan ciwo, a 1988 aka amince da methotrexate, a 1998 kuma allurai masu tsada irin su etanercept suka fito. Akasarin waɗannan magunguna shigo da su ake yi, saboda haka farashinsu ya ɗauru ga darajar naira. Tsimin tattalin arziki na 1982, zamanin Shugaba Shehu Shagari, ɗan garin Shagari, ya zo da ƙarancin magani a asibitoci. Shirin SAP na 1986 ya karya naira, faɗuwarta ta 2023 kuma ta sake tsauwala farashi.

Sakamakon haka shi ne talaka ya koma ga abin da aljihunsa zai iya, wato prednisolone da diclofenac na kantin magani, ba da sanin likita ba. Na farko, in an daɗe ana sha, yakan jawo ciwon sukari da hawan jini da raunin ƙashi, barinsa farat ɗaya kuma haɗari ne. Na biyu yakan ci tumbi, ya taɓa ƙoda. Methotrexate kuwa sau ɗaya ake shan sa a mako, tare da folik asid da awon jini da na hanta, abin da kan kai majinyaci har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato.

Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta rajista ga kowa, ta kuma tanadi asusun marasa galihu. Amma ko an rangwanta kuɗi, muddin sunan ciwon sanyi ne a bakin jama'a, majinyaci ba zai nemi likita da wuri ba. A nan ne aikin masana harshe yake: a samar wa ciwon suna nasa na kansa, a kuma yaɗa shi.