Baƙin idon da ke kusurwar banki

In ka shigo Tawa cin kasuwa, ka biya banki ko wurin karɓar kuɗin da ɗanka ya aiko daga Abijan, ɗaga kai ka dubi kusurwar ɗakin. Sau da yawa za ka ga wani ɗan abu kamar kifaffen ƙoƙo, da baƙin ido a tsakiya. Kamara ce, tana kallonka.

Tarihinta yana da alaƙa da yaƙi. A shekarar 1942 sojojin Jamus suna gwajin wani babban makami mai tashi sama, sunansa V-2. Tsayawa kusa da shi ganganci ne, gama yakan fashe tun yana ƙasa. Sai wani injiniya, Walter Bruch, ya kafa kamara kusa da makamin, ya ja waya zuwa wani ɗaki can nesa. Manya suka zauna suna kallo a allon gilashi, ba abin da ya same su.

Ga bambancinta da talabijin. Gidan talabijin yana watsa hoto cikin iska, kowa ya kama. Ita kuwa wannan, hotonta yana zuwa ne kurum ga wanda aka haɗa da ita. Shi ya sa ake ce mata rufaffen layi.

Mu a Nijar, irin wannan layi ya fara yi mana aikin ilimi ne, abin da ke faranta mini rai ni malami. A 1964, a Yamai, an koyar da yara 'yan lakkol a aji biyu da talabijin ta waya. Sai a 1966 aka fara watsa darussan ta iska zuwa wasu makarantu.

To, kamarar farko ba ta da tuni. In mai gadi ya yi gyangyaɗi, shi ke nan, abin da ya wuce ya wuce. Wajen 1970 zuwa 1980 kaset na bidiyo ya bazu, ajiye hoto ya yi sauƙi. Yanzu wani ɗan akwati ne ke ajiyewa, da rana da sa'a a rubuce, mai kanti ma yana iya duba kantinsa a salula.

Amma akwatin kamar rumbu yake, yana cika. In ya cika, sabon hoto ya hau kan tsohon ya shafe shi, wani cikin 'yan kwanaki, wani bayan makonni. Saboda haka in an yanke maka aljihu a wuri mai kamara, kada ka ce sai kasuwa mai zuwa. Je wurin 'yan sanda ran nan, ka faɗi wurin da lokacin, su nemi hoton. Ko a nan ma sai an dace: in wuta ta ɗauke ba batir, ko ƙurar hunturu ta rufe gilashin, ko ɓarawon ya naɗe fuska da rawani, hoton ba zai nuna ko wane ne ba.